Wai wa ke zana taswirar nan da ake cewa garinmu ba ya ciki?

"Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke gefen dam. Yaranmu da yawa suna fitsarin jini, musamman maza 'yan aji huɗu zuwa shida, abin har ya zama jiki ba a ma ɗauke shi ciwo ba. Ƙaramar hukumar da muke maƙwabtaka da ita duk shekara ana kai musu maganin tsargiya makarantu, mu kuma shiru kake ji. Da na je sashen lafiya na tambaya sai aka ce min wai mu ba ma cikin taswira. Don Allah wace taswira ce wannan, wa ya zana ta, kuma ya za a yi ciwon da muke gani da idonmu a ce babu shi a takarda?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri. Wannan tambayar ba kai kaɗai ke yin ta ba, na sha jin ta a bakin masu unguwanni da hedimastoci, wani ma da faɗa yake yin ta har yana nuna mu da sanda. Ni aikina na ɗakin gwaje-gwaje ne, irinmu ne ake kwasa a mota da madubin likita da kwalaben fitsari a bi makarantu ɗaya bayan ɗaya, na yi shekaru ina wannan yawon, to abin da zan faɗa maka daga can na samo shi. Abin da kake tambaya a taƙaice shi ne ya aka yi takarda ta ƙaryata ido. Toh takardar nan ba garinku ta duba ba, ƙaramar hukumarku ta duba, ita ɗin ma ba duka ba, ɗanɗano aka yi, kamar yadda mai sayen gero yake zura hannu a buhu ya ɗebo ya duba ya ce buhun nan mai kyau ne, alhali ƙila ƙwarin suna can ƙasa inda hannunsa bai kai ba.

Da farko dai ka cire hoton taswirar bango irin ta ajinku daga ranka. Ainihin abin jadawali ne a kwamfuta, kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774 da muke da su tana da layinta, a gaban sunanta an rubuta kashi nawa cikin ɗari na yaran da aka gwada aka samu da ciwon, daga baya ne ake shafa wa kowacce launi, wannan ja wannan ruwan ɗorawa wannan kore. Dalilin yin sa kuwa magani ne. Tsargiya tana cikin jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, yanzu sun kai 21 tun da aka ƙara cutar da ake kira noma, ciwon nan mai cin fuskar yara, a watan Disamba na 2023, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman a saka shi. Akwai kuturta a ciki, akwai kurkunu, akwai ciwon barci, har saran maciji. Amma guda biyar daga cikinsu su ne ake bi gari gari ana raba wa jama'a magani ba tare da an gwada kowane mutum ba, wato tsargiya da tsutsar ciki da tundurmi da amosanin ido da makantar kogi wadda wasu ke ce wa dundumi. Magungunan nan kyauta manyan kamfanoni ke bayarwa, amma ba a bayar da su da ka, sai ƙasa ta cike fom tun kafin shekarar ta zo ta ce ga ƙananan hukumomin da ke da ciwon, ga yawan yaransu, ga adadin ƙwayoyin da muke so. Wanda sunansa bai shiga lissafin nan ba, ko katan ɗaya ba za a yi oda dominsa ba.

Yadda muke zura hannun a buhu

Tsarin da aka bi lokacin da aka yi babban zagayen jihohi, wajejen 2013 zuwa 2015, shi ne a kowace ƙaramar hukuma a zaɓi makarantu kamar biyar, a kowace makaranta a ɗauki yara wajen hamsin. Ka ga ke nan yara kusan 250 su ne za su yi magana da yawun ƙaramar hukumar da ƙila mutanenta sun haura dubu ɗari uku. Kada ka ce ganganci ne, ba kuɗi ba ma'aikatan da za a gwada kowa, kuma in aka yi zaɓen da kyau ɗanɗanon yana ba da hoto mai dama-dama.

Ranar aiki mukan iso da safe mu yi gaisuwa wajen mai gari, mu yi wa iyaye bayani, sannan a ba kowane yaro kwalba biyu masu lamba, ɗaya ta fitsari ɗaya ta bayan gida. Fitsarin ba kowane lokaci ake karɓa ba, tsakanin ƙarfe goma na safe zuwa biyu na rana ne ƙwan tsutsar ya fi fitowa, har mukan sa yara su ɗan zaga fili da gudu kafin su je. Da farko za ka ɗaga kwalbar ka duba da ido, wata kamar zoɓo. Sai a tsoma wani ɗan tsinken takarda da ke canja launi in akwai jinin da ido ba ya gani. Daga nan sai a zuƙi mililita 10 da sirinji a tura ta cikin wata 'yar matata ƙarama kamar kwabo, a ɗora ta a gilashi a leƙa ta madubi. Ƙwan tsargiyar mafitsara ba ya ɓuya, dogo ne da 'yar ƙaya a ƙarshensa kamar tsinin allura, in ka ƙirga 50 ko fiye a wannan ɗan fitsarin to yaron nan ciwon ya yi masa yawa. Wallahi akwai gilashin da na taɓa leƙawa na daina ƙirge don ƙwan sun hau kan juna, na fita na nemi yaron, ɗan siriri ne idonsa fari fat, yana ta dariya da abokansa bai ma san abin da ke jikinsa ba. Bayan gidan kuma akwai hanyarsa da ake kira Kato-Katz, da ita ake neman tsargiyar hanji da sauran tsutsotsin ciki, ita kam aikin haƙuri ce da toshe hanci.

In an gama sai a haɗa makarantun biyar a fitar da matsakaici, wannan lambar ita ce za ta hau layin ƙaramar hukumar. A tsohuwar ƙa'ida in ta kai kashi 50 ana ba yara magani duk shekara, in tana tsakanin 10 da 50 shekara bibbiyu, in kuma ba ta kai 10 ba sau biyu kacal a duk zaman yaro na firamare, lokacin shiga da lokacin fita. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya, ta ce duk inda ya kai kashi 10 a riƙa bayarwa duk shekara, kuma ba 'yan makaranta kaɗai ba, tun daga ɗan shekara 2 har manya. Sai dai sauya ƙa'ida a Janiba, hedikwatar Hukumar, daban, samun ƙwayoyin da za su ishi manya da yara daban.

Inda tsargiya ke yi wa lissafin nan dariya

Ita tsargiya ba kamar zazzaɓin sauro ba ce da ke yaɗuwa ko'ina kusan bai ɗaya. Ciwon wuri ce. Dole sai an samu ruwa mai kwanciya ko mai tafiya a hankali, da irin ƙananan katantanwar nan da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa, da mutanen da ke fitsari a ciki kuma suke shiga. Ƙwan ya faɗa ruwa ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, bayan 'yan makonni ta riƙa sako wasu 'ya'yan tsutsa da ido ba ya gani, sun fi fitowa da rana tsaka daidai lokacin da yara ke tsalle a ruwa, su huda fata su shige, ba sai an sha ruwan ba. Saboda haka za ka iya samun ƙauye a bakin dam da kusan duk yaransa suna da ita, ka yi tafiyar kilomita biyar ka samu wani ƙauyen mai rijiyar burtsatse da ko ɗaya babu.

Yanzu yi lissafin nan da ni, misali ne kawai na ƙirƙira don ka gane. A ce makarantu huɗu daga cikin biyar ɗin suna kan tudu nesa da ruwa, kowacce aka samu yaro ɗaya cikin hamsin, ta biyar kuma tana kusa da fadama aka samu goma sha biyar. Jimilla 19 cikin 250, bai kai kashi 8 ba. Shikenan an shafa wa ƙaramar hukumar kore, har da makarantar da kusan kashi ɗaya cikin uku na yaranta ke fama. Wannan ma in an yi sa'a ɗaya daga cikin biyar ɗin ta faɗo kusa da ruwa ke nan, in duka biyar suna bakin titi to ku da ke bayan dam ko a mafarki ba ku fito ba. Su kuma maƙwabtanku ƙila makarantunsu uku ne suka faɗo a bakin ruwa, sai aka shafa musu ja, har 'yan cikin garinsu masu ruwan famfo suna shan maganin da ba sa buƙata. Ita katantanwa ba ta san iyakar ƙaramar hukuma ba, dam ɗaya ne kuke sha da su.

Kuma mu kanmu masu aikin muna da namu laifin, ba zan ɓoye maka ba. A takarda ana cewa a fifita makarantun da ke kusa da ruwa ko inda ake zargi, amma in damina ta yi nisa mota ta kafe sau biyu, direba yana ƙorafi, kwanakin da aka biya ku sun kusa ƙarewa, sai ka ji wani ya ce ai ga wata makaranta nan a hanya mu yi ta kawai. Na ga an yi, kuma akwai ranar da ni ma ban ce uffan ba. Sannan akwai wani hedimasta, bawan Allah da kyakkyawar niyya, da muka iso muka tarar ya riga ya jera mana yara hamsin tsaf-tsaf masu sabon yunifom da takalmi, 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa, wai kada a ji kunya a gaban baƙi. Da ƙyar muka lallashe shi aka fito da kowa aka yi layi muka riƙa tsallake-tsallake muna ɗauka. Alhali waɗanda muka fi buƙata suna can bayan katanga suna leƙenmu, wani da ƙugiyar kamun kifi a hannu, wani ya biyo shanu, ga almajirai da robobinsu, su ne masu wuni a ruwa kuma ba sa cikin rajistar kowace makaranta. In lokacin aikin shinkafa ne ma ko 'yan makarantar rabi suna gona.

Yaran su ma ba a bar su a baya ba. Na taɓa samun kwalabe huɗu a jere launinsu ɗaya sak, ƙwan ciki ma kusan adadi ɗaya, da muka matsa sai ta fito ashe yaro ɗaya ne ya cika wa abokansa uku don su fitsarin bai zo musu ba. 'Yan mata kuma kunya, wata sai ta ɗebo ruwan randa ta kawo maka. Ga kuma abin da ka faɗa da kanka, an daina ɗaukar abin ciwo, a wurare da yawa ma ana ganin jinin nan alamar balaga ce ga ɗa namiji, to wa zai kai yaro asibiti don ya balaga? Shi ya sa rajistar asibitin yankin za ta nuna babu tsargiya, wanda ke ofis ya duba ya ce ka gani ko, taswira ta yi daidai. Alhali ciwon nan in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda, yana jawo ƙarancin jini, yana iya kai wa ga sankarar mafitsara, a mata kuma yana taɓa mahaifa da al'aura har a yi ta maganin sanyi shekara da shekaru ba a san tsargiya ba ce.

Sai kuma tsufan taswirar. Lambar da aka rubuta sama da shekara goma da suka wuce tana nan a layinku, amma ƙasa ta canja. Sau da yawa in aka tare ruwa tsargiya na biyo baya, an gani a yankunan noman rani da ke shan ruwan Tiga da Bakolori tun bayan gina su a shekarun 1970, an gani a tafkin Volta na Ghana, mafi ban tsoro ma a Senegal, da aka gama dam ɗin Diama a 1986 cikin 'yan shekaru garin Richard Toll ya cika da tsargiyar hanji wadda a da ba a san shi da ita ba. Ba sai babban dam ba, ramin da 'yan kwangilar titi suka haƙa suka ɗebi ƙasa suka tafi, ko kududdufin da aka yi bulo, ya isa. In dam ɗinku ko magudanan noman raninku sun zo bayan an yi gwajin, ko sun faɗaɗa, to taswirar tana ba da labarin wani gari ne da babu shi yanzu. Haka ma yawan jama'a, har yau daga ƙidayar 2006 ake ta ƙari ana hasashe. Masu aikin shan inna ma sai da suka koma hotunan tauraron ɗan'adam sannan suka gano rugage da ƙananan unguwanni da yawa da ba sa cikin taswirar hannu da ake ba masu allura.

Ba wai ba a san da matsalar ba. Shekarun nan ana ta matsawa a sauko daga ƙaramar hukuma zuwa mazaɓa, tunda muna da mazaɓu sama da dubu takwas, a raba kowacce da nata hukuncin. Akwai kuma masu haɗa sakamakon gwajin da bayanan ruwan sama da zafi da nisan gari da ruwa, kwamfuta ta yi hasashen wuraren da ba a je ba. Yana taimakawa sosai wajen nuna inda ya kamata a koma a duba, amma ni dai ra'ayina hasashe ba ya maye gurbin kwalbar fitsari, tauraron ɗan'adam yana ganin ruwa amma ba ya ganin wane gefen dam yara ke wanka.

Kowane ciwo da irin taswirarsa

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne a ga ana raba wani magani a gari amma ba a raba wani, sai a ce son kai ne. Taswirorin ne daban-daban. Na amosanin ido gida gida ake bi, a juya fatar idon yara 'yan shekara 1 zuwa 9 a duba, in masu alamar sun kai kashi 5 a yi rabon magani, manya kuma a duba masu gira da gashin ido ya juya yana gogar ƙwayar. Wannan an yi masa gagarumin aiki daga ƙarshen 2012 zuwa farkon 2016 ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar agaji ta Sightsavers mai kula da lafiyar ido, aka duba mutum miliyan 2.6 a ƙasashe 29 har da Najeriya, kuma da wayar hannu aka riƙa shigar da bayanai tare da GPS na kowane gida, abin da ya rage irin cike fom a gindin bishiya da ake yi a da. Na tundurmi da gwaiwa kashi 1 kacal ya isa a shafa wa ƙaramar hukuma launi, yanzu da ɗigon jini a kan ɗan kati ake yi, amma a da sai da dare daga ƙarfe goma ake ɗibar jinin don lokacin ne tsutsar ke fitowa yawo, ka yi tunanin ka buga wa mutum ƙofa tsakar dare ka ce jininsa kake so.

Makantar kogi kuma koguna masu gudu ake bi, inda ruwa ke dukan duwatsu, nan ɗan baƙin ƙudan da ke yaɗa ta ke hayayyafa. A da manya maza ake tarawa a shafa jikinsu ana neman ƙulluwa a ƙugu da haƙarƙari, in masu ita sun kai kashi 20 a fara rabon maganin Mectizan, wanda kamfanin Merck ke bayarwa kyauta tun 1987. A dazuzzukan Kamaru da makamantansu ma sai da aka yi wata taswirar a kan wannan, don akwai wata tsutsa mai ratsa farin ido da in ta yi wa mutum yawa a jini ya sha Mectizan zai iya suma har ya rasa ransa, sai aka riƙa yawo da hoton ido da tsutsar a ciki ana tambayar mutane ko sun taɓa ganin haka. Ita wannan ban yi aikinta da hannuna ba, a wajen abokan aiki na ji. Kuma aikin yana biya, Filato da Nasarawa sun kai matsayin daina rabon maganin tundurmi da na makantar kogi, Nijar kuma a watan Janairun 2025 ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta rabu da makantar kogi.

Wanda ya fi burge ni dai kurkunu ne, don shi ba a yi masa ɗanɗano ba, buhun aka zazzage gaba ɗaya. Ƙarshen shekarun 1980 aka bi ƙauyukan ƙasar nan ɗaya bayan ɗaya aka ƙirgo sama da mutum 650,000, aka sa ɗan sa-kai a kowane ƙauye yana kai rahoto, daga baya har lada aka sa wa duk wanda ya nuna mai ciwon, Janar Yakubu Gowon da kansa ya riƙa shiga ƙauyuka tare da Cibiyar Carter ta Amurka. Na ƙarshe a Najeriya a 2008 aka gan shi, a 2013 aka ba mu takardar shaidar rabuwa da shi tare da Nijar. Amma shi kurkunu a fili yake fitowa a ƙafa kowa ya gani ba sai da madubi ba, tsargiya ba ta da wannan sauƙin sai ɗan abin da jinin fitsari ya nuna, kuma nan ne kai kake da abin yi.

Abin da zan yi in ni ne kai

Daga nan inda nake ba zan iya yanke maka hukunci a kan garinku ba, ban ga yaran ba ban ga layinku a jadawalin ba. Kuma ka sani "ba kwa cikin taswira" wani lokacin amsar sallama ce kawai. Yana yiwuwa kuna ciki amma a rukunin da ba a ba shi duk shekara, yana yiwuwa maganin ya zo jiha kuɗin kai shi ƙauye ne babu, musamman yanzu da tallafin Ingila ya ragu tun 2021 na Amurka ma ya tsaya a 2025, yana yiwuwa kuma an ware wasu mazaɓu ne taku ba ta shiga ba. Saboda haka ka koma, amma wannan karon kada ka tsaya a kan duk wanda ka tarar a tebur, ka nemi jami'in da ke kula da waɗannan cututtukan, kowace ƙaramar hukuma tana da shi a sashen lafiya matakin farko, akwai kuma kodineta a ma'aikatar lafiya ta jiha. Ka tambaye shi cikin ladabi wace shekara aka yi gwajin, waɗanne makarantu aka je, kashi nawa aka samu. In kana da data ka leƙa shafin ESPEN na ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya reshen Afirka, suna saka taswirorin nan ƙasa ƙasa har matakin ƙaramar hukuma, kowa na iya gani.

Sannan ka je da hujja a hannu. Ka ɗauki rajistar aji ka kira yara ɗaya bayan ɗaya a keɓe, ba a gaban aji ba, ka tambayi kowanne ko ya ga jini a fitsarinsa cikin watan nan, 'yan matan kuma ka sa malama ko ungozoma ta tambaye su, ta kuma bambance da jinin al'ada. Ka rubuta adadi, aji, shekaru, mace ko namiji, sunayen kuma su tsaya a wajenka. Wannan tambayar ba wasa ba ce, a tsohuwar ƙa'idar Hukumar Lafiya in yara kashi 30 suka ce suna ganin jini ana lissafa wurin cikin masu tsanani. Ka yi ƙoƙari ka haɗa da makarantar allo da yaran ruga. Ka rubuta sunayen wuraren da ake wanka da wanki da ban ruwa, in wayarka na nuna lambobin GPS ka kwafe su. In akwai asibitin sha-ka-tafi kusa ka roƙi ma'aikacin ya gwada ko yara ashirin ne da tsinken nan, kuma ka tabbata ya rubuta a rajistarsa da sunan ciwon, don rahoton wata-wata da yake turawa sama shi ne abin da ofis ke yarda da shi. Takardar kuma kada ta fito daga kai kaɗai, a sa hannun mai gari da hakimi da kwamitin ci gaban mazaɓa, a nemi a zo a sake gwaji a mazaɓarku, a kai kwafi jiha. Na ga inda irin wannan ta yi aiki, na kuma ga inda ta kwanta a fayil, ba zan yi maka alkawari ba.

Kafin nan yaran da ke fitsarin jini yanzu ba sai sun jira taswira ba, iyaye su kai su asibiti, maganin firazikwantal ne, sha ɗaya ne kuma gwargwadon nauyi ko tsayin yaro ake ba shi, shi ya sa kake ganin masu rabo da doguwar sandar awo. Amma don Allah Malam kada tausayi ya sa ka sayo a kemis ka raba da kanka a aji. In yaro ya sha da yunwa, musamman mai tsutsa da yawa, yana iya yin jiri da amai da ciwon ciki, yara biyar suka kwanta a makaranta rana ɗaya to an gama, jita-jita za ta zaga gari, ranar da na gwamnati ya zo ba uban da zai bari a ba ɗansa. Kuma maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne, ba ya hana sabuwa shiga in an koma ruwan gobe. Babban mutum kuma da ke fitsarin jini kada a ce tsargiya ce kawai a share, a duba shi sosai don akwai tsakuwa akwai ciwon mafitsara akwai abin da ya fi su.

In ka samo shekarar da sunayen makarantun da aka gwada ka turo min, ka haɗa da nisan kowacce da dam ɗin ko da a ƙiyasin tafiyar babur ne, sai mu duba tare mu ga yadda za a tsara takardar.